Baƙin Keken Barira

Barira ba ta taɓa ɗinka wa kowa rigar salla ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. Aikinta ɗaya ne, bargon faci. Takan zaga wurin telolin Madarumfa ta kwashe ƙyallayen da suka zubar ƙarƙashin tebur, ta wanke, ta yanka su daidai tafin hannu, ta harhaɗa. A ciki ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu da buhun gari, sannan ta bi da layin ɗinki kusa da kusa. Bargo ɗaya sai ya yi nauyin ɗan akuya. Masuntan tafki ne masu saye, don wanda zai shiga ruwa da asuba cikin ɗari ba ado yake nema ba, nauyi yake nema.

Kekenta baƙi ne, na takawa, ƙarfe daga kai har ƙafa. Mijinta Tanko ya sayo shi a Maraɗi shekarar da aka yaye ɗansu Nasiru, ya koya mata taka shi kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da ya rasu aka raba gona, keke ya tsaya a ɗakinta don babu wanda ya san abin da zai yi da shi. Shekara ashirin da ɗaya keken nan yana ci da ita. Abin da take tsoro a duniya bai wuce ɗaya ba: ranar da za ta zauna a gidan wani tana jira a ciyar da ita.

Tana da yadda take yi da wurin wuya. Inda faci huɗu suka haɗu a kan buhu, ɗinki yakan yi ƙulli mai kauri, allura ta tsaya cik. Sai ta ɗauke ƙafa, ta ɗauki wani ɗan dutse da take ajiyewa a gefe ta daddaki wurin, ta ɗora tafin hannu a kan ƙafar juyawa da ke gefen kan keken, ta danna da nauyin kafaɗarta duka. Keken ya yi gurnani, allura ta huda, aiki ya ci gaba. Haka Tanko ya nuna mata, haka ta yi sau dubbai, kuma baƙin keken bai taɓa yi mata gardama ba.

Gwiwoyinta ne suka fara gardama. A damanar 1995 suka kumbura, har sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Bayan girbi Nasiru ya dawo daga neman kuɗi a Kano, ya shigo gida da kwali a ka yana murmushi. Ya buɗe. Keke ne fari, ƙarami, mara nauyi, da waya da ɗan abin takawa kamar tafin takalmi.

"Inna, kin gama wahala. Wanga da kuran yake aiki, wutar lantarki. Yatsan ƙafa kawai za ki ɗora."

Barira ta ƙwanƙwasa jikinsa da farce. Ba ta ji ƙarar ƙarfe ba.

"Ya taɓa cin buhu?"

"Buhu! Inna, wanga har fure yake zanawa a tufa. Na yi magana da malamin lakkol na maƙwabta, mai koyar da boko, ya ce a jawo waya ta kan katanga."

"To ajiye shi can. Idan ƙafata ta gaji in gwada."

Nasiru ya sosa ƙeya. A nan ya faɗi sauran maganar: mutumin da ya ba shi keken a Ɗan Issa musanya suka yi, sai an kai masa tsohon.

Ta daɗe tana kallon ɗanta. Tun da ya fara fita cirani bai taɓa kawo mata abin da ya wuce sabulu ba, yau ga shi fuska sai ƙyalli take yi. Gwiwa kuma tana zogi. Ta jawo aljihun tebur ta kwashe almakashinta da allurai da ƙoshiya ta ajiya. Washegari amalanke ya zo, maza uku suka ɗora baƙin keken da ƙyar.

Sati biyun farko babu laifi. Haɗa faci falle ɗaya sai ka ce iska, abin da take yi a kwana uku ta gama shi kafin azahar. Taubashinta Idi, babba a cikin masunta, ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke tsohuwa, an ce kin yi sabon miji fari. Yaya, yana da ƙarfi?"

"Ya fi ka dai, mai warin kifi."

"Ni dai bargona. Mu bakwai muke jira, kuma sanyi ya fara taɓa kunne. In baƙon nan ya ba mu kunya, ke za mu lulluɓa da ke."

Ta yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da aka ji a ɗakin nan.

Ranar da ta haɗa bargon Idi da zannuwansa da buhunsa, ta tura shi ƙarƙashin allura da hantsi. Keken ya ci taki biyu yana nishi, ya iso ƙulli na farko, ya tsaya yana ƙugi. Barira ba ta yi tunanin komai ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Ta daddaka da dutse, ta ɗora tafi a kan ƙafar juyawa, ta danna da kafaɗa. Wani abu ya ce ƙas daga ciki, ba da ƙarfi ba, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Daga nan ƙafar ta riƙa juyawa sakwaf, allura ba ta motsi.

Ta ɗaure keken a zane ta hau mota zuwa Maraɗi, wurin Habila mai gyaran kekuna a bayan kasuwa. Ya kwance murfi, ya zaro wani ɗan farin faifai mai haƙora ya ɗora mata a hannu. Haƙora biyar sun zube.

"Roba ce, Iya. Da mi kika matsa shi?"

"Da hannu. Kamar kullum."

"Wanga ba a matsa shi. Na matan birni ne masu ɗinkin sha'awa, rigar jariri da bakin labule. Wa ya ce ki sa masa bargo?"

"Gyara dai."

"In na ƙarfe ne, ko maƙeri ya fitar mani da shi. Irin wanga kuwa, tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi ban ga wanda ya shigo da shi ba. Ina baƙinki? Shi ko jikokinki sai ya binne su."

Ta bar farin keken a shagonsa, ba ta sake tambayar sa ba.

Ba ta gaya wa Nasiru za ta Ɗan Issa ba. Ta sami mutumin da aka yi musanyar da shi a rumfarsa kusa da duwan, ofishin kwastan, yana shan rake. Ya ce kan keken ya ƙetara Jibiya tun satin da aka kawo shi, telolin can rububin irinsa suke yi. Ƙafafun dai suna nan, ya nuna mata da ɓawon rake. Wani mai shayi ne ya ɗora musu katako, ya jera gwangwanayen madara da burodi. Barira ta matsa ta ɗora ƙafa a kan matakin. Babbar ƙafar ta juya lafiya lau, babu ko ƙara, ba ta jan komai.

"Iya, za ki zubar mani da madara," in ji mai shayin. "Shayi za a haɗa?"

Ta ce a'a.

Ta koma gida ta ɗauki allurar hannu. Buhu ba ya jin allurar hannu, sai ta huda da basilla sannan ta bi da zare, yatsunta suka tsattsage. Bargon Idi kaɗai ta gama, shi ma sai da ɗari ya kusa fita. Sauran shidan ba su yi mata faɗa ba. Sun sayi bargunan gwanjo a Ɗan Issa, suna gaishe ta a hanya kamar da. Nasiru ya ce zai nemo mata wani baƙin idan ya koma Kano. Ya koma sau biyu. Ba ta tuna masa ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba.

Da damana ta kewayo ya ce zaman kaɗaici bai dace da ita ba, ya kwashe ta zuwa gidansa. Ɗakinta aka zuba albasa a ciki. Matarsa Ɗelu ba ta da mugun hali, tana ba ta abinci a kan lokaci, tana ce mata Inna.

A can Idi ya same ta wata la'asar, riƙe da bargon, gefe ɗaya ya warware.

"Tsohuwa, aikinki ya buɗe baki. Taɓa mani shi."

Ta karɓa ta shafa wurin, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. Sannan ta miƙa masa.

"Kai wa tela."

"Wane tela zai taɓa wanga? Karya musu allura zai yi."

"To lulluɓa da shi haka."

Idi ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa. Daga madafa Ɗelu ta ɗaga murya ta ce Inna ta zo ta riƙe mata jariri, tuwo zai kama. Barira ta dafa bango, ta miƙe a hankali, ta tafi.