Butar Baba da Hoto Tamanin da Ɗaya

Ko da zan manta ranar aurena, ban ga yadda za a yi in manta ranar da na kare bincikena na digiri na biyu a Khartoum ba, da abin da ya bayyana a jikin bango a gaban malamai uku. Shekaru sun ja, amma har yau kamar jiya ne a wurina.

Mu 'yan Omdurman ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, a hanyar dawowa ya yada zango a nan, zangon da ba a tashi ba ke nan. Babana makeri ne, ya yi shekara talatin yana walda a wani gareji a Bahri, tsallaken kogi, kafin gwiwoyinsa su zaunar da shi. Ni ce 'yarsa ta huɗu, kuma ni ce aka ce na kwaso zafin kan gidan duka. Ban taɓa musa wannan ba.

Ilimin haske nake karanta. Kyamarar da kowa ya sani tana kama hasken da ya faɗo mata ne kawai, ba ruwanta da inda ya fito. Ni kuwa so nake in kama hasken tare da hanyar da ya biyo. Dabarar ita ce a ɗauki abu ɗaya daga wurare da yawa a jere, sannan kwamfuta ta haɗa hotunan. In an yi daidai, bayan an gama ɗauka kana iya zaɓar inda hoton zai fito sarai, kusa ko nesa, ka auna nisan kowane abu. Har abin da ke bayan asabari za ka gani, domin abin da kara ya tare daga nan, daga can a fili yake. Sharaɗin ɗaya ne: kada komai ya motsa tun daga hoton farko har na ƙarshe.

A wasu ƙasashe akwai kyamarar da ke yin wannan a ƙyaftawa ɗaya. Mu kuwa lokacin mulkin soja ne, ga takunkumi, ko mafarkinta ba ma yi. Kyamara ɗaya tal ce a sashenmu. Da na yi wa Baba bayani, sai ya ɗauki alli ya zana a ƙasa, ya ce, "Wato hanya kike so ta bi kamar jirgin ƙasa?" Cikin mako biyu ya ƙera mini firam na ƙarfe da kyamara ke zamewa a kai, rami tara a kwance, tara a tsaye. Hoto tamanin da ɗaya ke nan, da hannu nake matsarwa, kusan awa guda.

Ana cikin haka ɗalibai suka yi zanga-zanga, aka rufe jami'a, sojoji a bakin ƙofa. Malamina ya fito mini da kyamarar a cikin jakarsa ya ce kwana uku kawai, wata ɗaliba na jira. In ban kawo sakamako a wa'adi ba, sai wata shekarar, ita ma ba tabbas. Na naɗe ta cikin tobin Inna, wato babban mayafinta, na tsallaka gadar Omdurman da ita a ɓoye, don a wancan zamanin a gan ka da kyamara kusa da gada ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

A tsakar gidanmu na kafa komai. Firam a ƙarƙashin rakuba, wato rumfarmu. Na rataye asabari a gabansa. A bayan asabarin na ajiye jabana, wato tukunyar gahawa, da bulo biyu, da butar Baba, sannan can baya wani faffaɗan allo mai gida-gida fari da baƙi, wanda da shi ake daidaita awo.

Ranar farko iska ta yi ta kaɗa allon, aikin ya lalace. Na haɗiye. Rana ta biyu iska ta kwanta, na kai hoto na hamsin da wani abu, sai aka kira azahar. Ina sunkuye ina matsar da kyamara na ji motsi. Ko da na leƙa, ga Baba tsugune a gefe yana alwala da butar da nake aunawa! Ya gama a natse, ya mayar da ita, har da ɗan juya bakinta.

"Baba, me ka yi ke nan?"

"Alwala na yi, ya bitti, 'yata. Ai na mayar da ita inda take."

Inda take! Ni da nake lissafi da abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Wallahi kaina ya yi zafi. Na juye Larabci, don da Hausa bakina ba zai iya ba. Na ce ya kashe mini shekara guda saboda buta. Na ce wannan ba walda ba ce da za a buga guduma a ce ya yi. Na ce gobe kada in ga kowa a tsakar gidan nan, kowa. Inna na bakin murhu, ta ajiye ludayi tana kallona. Baba ya ce, "Malesh," wato a yi haƙuri. Ya saka takalminsa ya tafi masallaci. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, amma a lokacin ko a jikina, gani nake ni aka zalunta.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe. Na tashi na tarar iska ta dawo, ga zafin da ke narka kwalta. Na tokare allon da duwatsu, na koma ƙarƙashin rakuba, na rufe kaina da baƙin mayafi don in ga fuskar kwamfuta, na fara wajen sha biyu da rabi. Asabari na rawa, wannan bai dame ni ba tunda shi ɓacewa zai yi a hoton, allon nake tsoro. Aka kira azahar ina hoto na sittin, na kasa kunne, amma ban ji motsin kowa ba. Na gama. Da na haɗa hotunan sai asabari ya ɓace, ga buta, ga jabana, ga allo tsaf, awo ya fito daidai. Na yi ta murna ina yaba dabarata ta duwatsu. Akwai wani duhu-duhu a saman allon, na ɗauka buhun gawayin Inna ne da ke jingine da bango.

Kwana uku Baba bai iya zuwa masallaci ba, gwiwoyi sun kumbura. Na gaishe shi sama-sama na wuce. Inna kuwa ta daina yi mini magana in ba dole ba.

Da aka buɗe jami'a aka sa mini rana. Malamai uku, har da wani dattijo baƙo da aka gayyato don ya yi mini tambayoyi. Na haska hoton a bango, na nuna asabari, na matsar da awo ya narke, buta ta fito. Suka gyaɗa kai. Sai dattijon ya nuna da biro ya ce, "Wancan duhun na bayan allo fa? Ƙara matsawa baya mu gani."

Ban taɓa wuce allon ba, don a nan aikina ya tsaya. Na matsa kaɗan, na ƙara. Duhun ya fara haɗuwa. Hula ta fito, sai goshi, sai idanu a rufe, gumi na sheƙi a kansu. Baba ne, durƙushe a bayan allo cikin tsakiyar rana, ya rungume shi ta baya. Ta ƙofar garken awaki ya shigo don kada in gan shi.

Dattijon ya gyara tabarau ya ce, "Kin san ma'anar wannan? Fuska ba ta fitowa haka sai in mai ita bai motsa ba a hoto tamanin da ɗaya. Wane ne?"

Na buɗe baki in ce babana ne, kuka ya riga ni. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, ya ji kiran salla da kunnensa, ga butarsa a gabansa, bai miƙa hannu ba.

Na ci jarrabawar, amma ban tsaya shan shayin da aka shirya ba. Na tarar da shi a kan angarib, gadonsa na igiya, Inna na shafa masa man zafi. Na durƙusa, wannan karon da Hausa, na ce, "Baba, na gan ka. Ka yafe mini."

Ya dubi Inna, ta ce, "Ni ban faɗa ba."

Ya yi dariya ya dafa kaina. "Duwatsun nan naki ba za su riƙe komai ba, tun daga ɗaki na gani. To, na ɓata miki hoton?"

Yau Baba ba ya duniya, Allah ya jiƙansa, kuma wannan ne hotonsa da muka fi so a gidan. Abin da na koya shi ne, na'urata tana ba ni damar komawa in duba abin da na ƙi kallo, amma zama da mutane ba kullum yake ba da wannan damar ba. Ni na yi sa'a na gan shi yana da rai. Shi ya sa duk ɗalibin da ya kawo mini sakamako mai kyau, kafin in duba lissafinsa nakan tambaye shi wa ya riƙe masa allo, kuma ko ya je ya gode masa.