Mama Almakashi da Keke na Bakwai

Ni ke kula da ɗakin ɗinki na cocinmu: keke tara, mata goma sha takwas, taga biyu. Mata biyu a keke ɗaya, wannan ta yanka, waccan ta taka. Doka guda muke da ita, ni na kawo ta kuwa, har ina bugun ƙirji: masu gaba da juna ba sa samun keke sai sun sha hannu gaban Fasto. Ga sana'a, ga warakar zuciya, a tafiya ɗaya.

Mama Almakashi ce a keke na bakwai. Shekararta hamsin da biyu, 'ya'ya huɗu, yankanta ba ya karkacewa. Ranar da aka binne mijinta, ƙanwarsa ta miƙe cikin jama'a ta ce Mama ce ta cinye shi da maita. Shekara uku ba wanda ya kawo mata ko facin wando. Da muka buɗe ɗakin, sai na haɗa su keke ɗaya, da gangan. Mama ta dubi keken, ta dubi ƙanwar mijin, ta miƙa hannu. Daƙiƙa huɗu, na ƙirga. Na rubuta a takardata, da kwafinta na jikin bango: an sulhunta.

Daga nan ta zama abin nunawa. Baƙi sun zo, a kira Mama. Taron mata, a kira Mama. Sau goma sha ɗaya ta tsaya ta ba da shaidar yadda ta yafe.

Wata safiya ina ƙirga allurai, ta rigayi kowa zuwa.

"Malam Ƙidaya, zo nan. Goge ni daga takardarka."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ban yafe ba, ɗana. Ina so, amma ya ƙi. Kullum in aka kai wurin gafara a addu'ar safe, tari nake ƙirƙira. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce ta yi kuskure ba, sai dai 'Matar Yaya, miƙo zare.'"

"To mu je wurin Fasto mana, Mama."

"In ce masa me? In na faɗi gaskiya, dokarka ta ƙwace keken, yara su ci me? In na yi shiru, jibi ma akwai baƙi."

Na duba takardata. Gurbi biyu ne kacal: an sulhunta, ba a sulhunta ba. Babu inda zan sa ta.

A ranar na garzaya gaban kwamitin coci, ban ambaci kowa ba, na ce a soke dokar. Mutum bakwai, shida suka ƙi. Wani dattijo har da dafa kafaɗata: "Haba, dokar da ta warkar da Mama?"

Na goge alamar a kwafin da ke aljihun teburina. Na jikin bango yana nan yadda yake.

Da baƙin suka iso, Mama ta ajiye almakashi, ta karkaɗe zare daga zaninta, ta miƙe. Karo na goma sha biyu. Ƙanwar mijin ce ta fara tafi.