Farar Ƙasa a Jikin Tukunyar Wuta

Ina da kimanin shekara talatin aka naɗa ni helma, wato shugaban lebarori, a gidan gurzar auduga da wani kamfanin Turawa ya kafa a bakin gulbi, ƙasa da ganuwar Sakkwato. Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, har lokacin in injin ya yi kuka masu wucewa sukan ja jakunansu gefe suna a'uziyya. Ba sanin ƙarfe ya ba ni helmancin ba. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba. Murya ce da ni, na iya gaisuwa, kuma ina son a gan ni tsaye ina nuni da sanda ana aiki. Son a gani shi ne babban ciwona, Allah Ya yafe mini, duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina kuwa ya san haka tun kafin ni in sani.

Duk gidan a kan abu ɗaya ya dogara, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke kwance a rumfar baya kamar dorina. A cika ta da ruwan gulbi, a hura mata itace, tururinta ya juya injin da ke raba auduga da gurya. Mai hura mata wuta kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ni na samo masa aikin. Tukunyar tana da aibi biyu a idona. A gefen cikinta na hagu, inda fallen ƙarfe biyu suka haɗu, ruwa yakan tsattsafo yana huci, har tsatsa ta yi mata zane kamar hawaye. Sannan a bayanta akwai wani ɗan bututu mai murfi da muke kira hanci. In wuta ta yi yawa sai murfin ya ɗaga, ta saki wata ƙara da ke sa kajin unguwa su watse.

Gab da kaka Baturen kamfani ya kira ni. Ya ce wani babban injiniya yana tafe, wanda kamfani ke ɗauka ya zagaya ya duba lafiyar injunansa. In bai yarda da tukunyarmu ba, ba za a hura wuta bana ba, kuma in ba a hura wuta ba babu abin da helma zai tsaya a kai. Ya ce in sa a kashe wuta, a bar ta ta huce, a zubar da ruwan, a share toka. Daga nan ya hau doki ya tafi ƙauyuka wajen masu sayen auduga. Abin da ya faɗa na ji shi sarai, ba zan ɗora wa Hausarsa laifi ba. Ƙarin da aka yi daga kaina ya fito.

Ni a gidan mai unguwa na tashi, na ga yadda ake tarbar manya in sun zo rangadi. A yaɓe katanga, a share fage, jaki mai gyambo a kai shi bayan gida a ɗaure. Ban taɓa ganin wanda ya ja hannun baƙo ya kai shi ya nuna masa inda bangonsa ya tsage ba. Sai na ce a raina, mutum zai taso tun daga inda jirgin ƙasa ya ƙare, ya sha rana, ya iske tukunyarmu tana yoyo? Wannan ai cin mutuncin Sakkwato ne baki ɗaya.

Na je marina na ɗauko maginin da ke yi wa rijiyoyin rini laso, wato yaɓen nan na katsi da gashin akuya da ke hana ruwan baba tsiyayewa. Ya zagaya tukunyar, ya shafa wurin da yatsa, ya ce shi ya yaɓe rijiyoyin da tun kafin zuwan Nasara ba su zubar da ko ɗigo ba, wannan ɗan tsagi ba abin tayar da hankali ba ne. Ya dama lasonsa ya liƙe wurin da kauri. Da ya bushe sai na ga facin ya fito fili kamar ƙari a wuya, duk mai ido zai tambaya. Na ce a bi sauran jikin ma a shafe, ya zama bai ɗaya. Na aika jakuna Kalambaina suka ɗauko farar ƙasa, muka yi mata fari fat tun daga kai har gindi. Da maginin ya ga fili ya samu, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya zana mata dagi a kowane gefe.

Saura hanci. Na san baƙon zai so a hura wuta a gabansa bayan ya gama kallo, ba na kuma son ta yi masa ihu a ka yana tsaye. Na sa aka hau da ɗan dutsen niƙa, na ɗora a kan murfin, na ɗaure da igiyar fata, na lulluɓe da jar fatar akuya mai tuntaye don ya zama ado.

Kawu yana zaune a kan itacensa yana kallona. Da fari damuwarsa ita ce hayaƙi zai baƙanta farin, kuma ya san shi za a ce ya wanke. Da ya ga dutsen sai ya ce, "Kai ɗan nan, wagga aba wuta taka ci tun sahe. In ba ta yi gyatsa ba, ina kaka son iskan shi tahi?"

Na ce masa a gida shi kawuna ne, amma a nan ni ne helma. Wannan magana tana cikin waɗanda har yau in na tuna nake yin istigfari.

Ranar zuwan baƙo na sa babbar rigata ta saƙi da rawani. An shimfiɗa tabarmi, an dama fura, na kuma kira wani maroƙi da kalangunsa. Da yake bai san sunan baƙon ba balle na kakanninsa, sai ya juya kan tukunya yana yi mata kirari, yana ce mata giwa mai cin kurmi.

Injiniyan gajeren tsoho ne, jan wuya, tufafinsa duk tabon baƙin mai. Ba shi da komai a hannu sai ƙaramar guduma, da kyandir, da ɗan madubi. Tare da shi akwai tafintansa, wani Bakano siriri mai murmushin da ban so ba tun ganin farko. Suka shiga rumfar baya. Tsohon ya tsaya, ya cire hularsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana a hankali.

Tafinta ya ce, "Malam Basakkwace, yana tambaya ina tukunyar. Ya ce ya ga amarya, amma shi wajen tukunya aka aiko shi."

Na ɗauka yabo ne, na yi godiya.

Ya sa aka tambaye ni ko tana yoyo a wani wuri. Na ce lafiya lau. Ko tana wata ƙara da ba a saba ji ba? Na ce sai alheri. Ko akwai abin da ke damun masu aiki game da ita? Na ce mun gode Allah. Ban ɗauki wannan ƙarya ba a lokacin, haka aka koya mini amsa wa babba. Tafinta ya juya masa, na ga yana ƙara wani abu daga aljihunsa, don maganar ta fi tawa tsawo, kuma tsohon ya dube ni ta saman gilashinsa.

Sai ya ɗauki guduma ya fara ƙwanƙwasa. Inda shafen ya yi siriri ƙarfe yana amsawa da ƙyar, can ƙasa. Yana tafe yana bugu yana kasa kunne, har ya iso gefen hagu. Nan guduma ta ce tim, kamar an bugi buhun gero. Ya ƙara, wani ɓangaren laso ya ɓalle ya faɗo masa a kan takalmi. Maginin da ke tsaye cikin 'yan kallo ya matso rai a ɓace, ya ce a gaya wa Nasaran nan ba a taɓa dukan aikinsa a gaban jama'a ba. Tsohon ya ɗauki ɓallen, ya murza, ya sansana, ya tambayi da me aka yi. Aka gaya masa. Ya ce yaɓe ne mai kyau ƙwarai, ya sa guntu a aljihu, sannan ya ce a kankare shi duka, har sai ya ga baƙin ƙarfe ko'ina.

Haka muka koma kankara, da wuƙaƙe da ɓawon kwakwa da yashi, mutanen da suka shafa su suka goge. Maroƙi ya sha furar baƙo ya tafi. Tafinta kuwa ya sami abin yi. Ya zauna a inuwa yana gaya mini mai gidansa ya ce na rage masa wahala, don ya lura duk inda na fi zuba yaɓe nan ciwon yake, ba sai ya nema ba.

Da ƙarfe ya fito, tsohon ya sa aka buɗe wata ƙofa a saman tukunya wadda da ƙyar kafaɗar mutum ke wucewa. Ya kunna kyandir ya zura kansa ya shige kamar gafiya, ya ce helma ya biyo shi. Ban taɓa shiga ba, ni mai aika wasu ne. Tafinta ya ba ni shawara in tuɓe rigar. Na dubi lebarorina sun zuba mini ido, na ga ba zan tsaya a gabansu daga ni sai wando ba. Na shiga da saƙina da rawanina. Rawanin a bakin ƙofa ya tsaya.

Ciki duhu ne da warin tsohon ruwa. Muna rarrafe, shi a gaba, har wurin nan na hagu. Ya matso da kyandir, ya goge da yatsa, sai ga tsagi siriri kamar gashi ya tashi daga wannan ƙusa ya nufi waccan, ya wuce ta, ya nufi ta gaba. Daga waje ɗan hawaye kawai muke gani. Ya ba ni gudumar ya nuna mini in bugi wuri mai lafiya, ƙarfe ya yi ƙara wasai. Ya nuna kusa da tsagin, na buga, ya amsa kamar fasasshen kasko. Babu tafinta a ciki, kuma ba a bukace shi ba.

Na fito baƙi ƙirin, rigar da na yi shekara ina tanadinta ta zama tsumma. Ba wanda ya yi dariya a fili sai Kawu.

Daga nan tsohon ya sa aka cika ta da ruwan sanyi, aka rufe ko'ina, aka ɗaura wani ɗan famfon hannu ana matsa ruwa a ciki. Ba a daɗe ba ruwa ya tsarto daga tsagin siriri kamar zare, ya ƙetare rumfar ya sauka a kan tabarmin da na shimfiɗa wa baƙo. Har nan ina da sauran fata, ina cewa a raina yoyo ai kowane gida yana yi.

Sai ya hau bayanta don ya duba hanci. Ya ɗaga jar fatar, ya ga dutsen niƙa a ɗaure. Ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya sauko da dutsen a hannu, ya ajiye a gabana. Ya tambayi wa ke tsayawa a bakin wuta. Aka nuna Kawu. Ya tambayi mene ne shi a wurina. Aka gaya masa. Wannan karon da tafinta zai juya maganar babu murmushi a bakinsa.

Ya ce, "Ya ce in gaya maka, da an hura wuta da dutsen nan a kai da tsagin nan a ciki, da ba a sami abin da za a yi wa kawunka sutura ba."

Na dubi Kawu. Ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin wandonsa, ya ƙi dubana. Na fi son ya zage ni.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Ba wuta sai an kawo sabon fallen ƙarfe da maƙeran jirgin ƙasa da za su ɗaura shi da ƙusoshi masu zafi. Kafin su iso kaka ta yi nisa. Manoman Kwalkwalawa da suka saba kawo mana auduga suka juya da jakunansu wajen masu kaɗi da masaƙa. Lebarori suka zauna babu aiki, in na shiga kasuwa sai in ji ana tambayar juna ko akwai mai katangar da ke son fari, ga gwani ya zo. Tsagin dai ba ni na yi shi ba, ko ban taɓa ta ba sai an gyara. Na riƙe wannan hujja na ɗan lokaci, ina faɗa wa duk wanda ya tsaya, amma ba wanda ya taɓa tambayata zancen tsagi, dutsen ake tambaya.

Baturen kamfani ya dawo ya ji labari. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce helmanci ya ƙare, kuma da niyyarsa ya kore ni gaba ɗaya. Abin da ya hana, in ji shi, tsohon injiniya ya bar saƙo cewa tukunya tana bukatar wanda zai riƙa shiga cikinta yana kankare dattin da ruwan gulbi ke bari, yana duba ƙusoshi, kuma gara a ba wanda ya riga ya ga tsagi da idonsa ya tsorata. Na so in ƙi, don girman kai bai gama fita daga jikina ba. Amma ina da iyali, gero kuma ba ya tambayar muƙamin mai saye. Na karɓa.

Wanda aka naɗa a madadina wani mai ɗaukar buhu ne, mutum mai haƙuri, ba shi da hayaniya ko kaɗan. Ranar da aka fara kashe wuta don shara, ya zo ya same ni a gindin tukunya na tuɓe daga ni sai wando. Ya kunna kyandir da kansa, ya russuna ya miƙo mini da hannu biyu a gaban kowa, ya nuna ƙofar.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, a shiga."

Na shiga.