Kakana da Baƙar Ƙasa

Jiya na kwashe tokar murhu, sai kakana ya faɗo mini a rai. Ba ya yarda da ƙasa sai ya ɗanɗana ta.

Zamanin da ayarin raƙuma ke shiga Makka, muna zaune a can, sai fari ya ramar da awakinmu. Wani Balarabe makiyayi ya kai mu fili mai baƙaƙen duwatsu, ciyawa shar. Kaka ya lashi ƙasar, ya tofar.

"Wannan toka ce. Su wa aka halaka a nan?"

"Dutse ne ya yi aman wuta, ya Hajji," in ji Balaraben.

Bai yarda ba. Awaki suka ƙoshi, shi kuwa yana tsaye yana istigfari. Ko nononsu bai sha ba.

Allah ya sanyaya masa ƙasar da yake kwance a ciki, wadda bai samu ya ɗanɗana ba.