Takardar Ƙunshin Gyaɗa

A shekarun da nake sayar da gyaɗa a unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki, suya ba ta taɓa cin raina kamar tantance takarda ba. Sana'ar ta Gwaggo ce, ƙanwar mahaifin mijina. Na faɗo hannunta ne bayan mijina ya rasu, ba mu jima da isowa daga Sudan ba. Ba ɗa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ko da an ce in koma, ban san wurin wa zan koma ba.

Tsofaffin jaridu da mujallun Masar muke saye a kilo wurin wani ɗan Yaman mai kanti, mu yayyaga mu riƙa ƙunsa wa masu saye. Gwaggo tana da doka ɗaya da ba ta ɗagawa: duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah, ko na wani annabi, ko aya, ba a zuba mata gyaɗa, domin mai saye zai ci ya yar, a bi a tattake. Ita ba ta karatu, a wurinta duk baƙin Larabci ɗan'uwan Alƙur'ani ne sai an tabbatar mata da akasin haka. Ni kuwa mahaifina malami ne, ya koya mini karatu, zaman Sudan kuma ya buɗe mini baki da Larabci. Sai aikin ya zama nawa. In zauna in bi shafi layi-layi, mai tsarki in jefa shi a kwandon da ke rataye a sama, in ya cika a ƙone a binne tokar.

Matan gidanmu mutanen kirki ne, amma hirarsu uku ce: farashin gawayi, wa ta haihu, wa aka kama ba takarda. In na ce na karanta wani abu a jarida, sai su ce, "Malama ta fara." Na yi fushi har na gaji, na koma yin shiru. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a gidan da ko wurin miƙe ƙafa babu.

A cikin wannan tantancewa na saba da wani shafi mai ɗan zane gida-gida, wasu farare wasu baƙaƙe, kamar gurbin dara. A gefe an jero tambayoyi. Gwaggo ta fi son wannan shafi, don kusan rabinsa fili ne, ba abin tsoro. Ni kuma na lura kacici-kacici ne na masu boko: ka gano kalma, ka rarraba baƙaƙenta a gidaje, wata a kwance wata a tsaye, su gitta juna. Na roƙi guntun fensir wurin ɗan Yaman na fara gwadawa. Ban iya ba. Abin haushin, a ƙasa sai a rubuta wai amsa tana fitowa ta gaba, alhali mu jaridunmu a hargitse suke zuwa, ta bara a kan ta bana. Ban taɓa sanin na yi daidai ko na yi shirme ba. In na cika abin da na iya, sai in ƙunsa gyaɗa a ciki, ta tafi.

Wata Alhamis da azahar, wata mata cikin baƙin lulluɓi, fuska a rufe kamar sauran matan gari, ta durƙusa gaban tirena. Harshenta na Masar ne, yatsunta da farin alli, na gane cikin malaman makarantar 'yan mata take, waɗanda ake kira abla. Ta ajiye wata takarda a ninke tare da ƙirshinta na sayen gyaɗa.

"Ya hajja, wa ke rubutu a takardunku?"

Gwaggo tana gefe, kuma ta sha ja mini kunne cewa wanda ba shi da iƙama ba ya sabo da ma'aikacin hukuma, ko da mai koyar da alifun ba'un ne. Na ce, "Wasa ne kawai, abla."

"Na san wasa ne. An yi kuskure a wuri huɗu. A duba."

Ta karɓi gyaɗarta ta wuce. Da na buɗe, takardata ce ta makon jiya, da tabon mai a jikinta, an cike sauran gidajen da wani siririn rubutu mai kwantawa gefe, an kuma zagaye kurakuraina. Da farko haushi na ji, na ce wa ya aike ta. Kafin la'asar na karanta ta ya fi a ƙirga.

Haka muka ɗora. Ni in cike abin da na iya in ƙunsa mata a ciki, ita ta ƙarasa ta dawo da ita Alhamis mai zuwa. Gwaggo ta ɗauka tsabar tattali ne. "Wannan Bamisiriya ta fi mu iya zaman duniya," in ji ta, "ko takarda ba ta yarwa." Ban gyara mata ba.

Maganarmu ba ta wuce tsawon awon gyaɗa, sai in riƙa jan hannu da gangan. A haka, guntu-guntu, ta koya mini ƙa'idar abin. In an ce kalma a juye take, daga ƙarshe za a faro. In an ce a warwatse, baƙaƙen suna nan amma an cakuɗa su. Ta ce in fara duba kan shafin, domin wani mai shiryawa yakan ɗaure duk amsoshinsa a abu ɗaya, wannan mako tsuntsaye, wancan kayan girki, wanda ya gane haka ya ci rabi. "Mai tambayar ba ya ƙarya," in ji ta, "ɓoyewa yake yi. Kada ki yi fushi da shi, ki zagaya ta bayansa." Ta kuma hana ni danna fensir, wai mai dannawa bai shirya a gyara masa ba.

Makon da aka yi na koguna, an tambayi wani babban kogi a yammacin Afirka. Na ce yau dai an zo gidanmu. Na rubuta Kwara, gidaje suka yi saura, na ƙara baƙaƙe na cusa da ƙarfi, na lalata duk abin da ya gitta ta. Ran Alhamis ta zo kafaɗunta na rawa a cikin lulluɓi.

"Wane kogi ne wannan, ya hajja?"

"Namu ne. A bakinsa aka haifi mahaifina."

"To mutumin da ke zaune a Alƙahira bai san sunan da kuke kiransa ba. Nasa sunan yake so." Sannan ta ce, "Faɗa mini naku kuma."

Na faɗa, ta maimaita, ta karya shi, na gyara mata. Tun rasuwar mijina ba wanda ya tambaye ni wani abu game da inda na fito. Ranar na koma gida ina jin daɗi, har matan gida suka ce ko an yi mini miji ne.

Da zafi ya fara tsananta, na ci karo da wani shafi daga tsohuwar mujallar azumi. Kan shafin ya ce duk amsoshin annabawa ne da garuruwansu. Karon farko ke nan da hannuna ya riƙa gudu. Wanda kifi ya haɗiye, wanda aka jefa a rijiya, wanda ƙarfe ya yi wa laushi. Na bar mata 'yan gidaje kaɗan don kada ta rasa abin yi. Ashe duk sunan da na rubuta ina cewa alaihissalam a fili.

"Ke 'yar nan, me kike karantawa?"

"Sunayen annabawa ne, Gwaggo."

Ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta ɗora a goshi, ta miƙe da kanta ta sa a kwando. Gaskiyar magana, ko ba ta karɓa ba, ban ga yadda zan zuba gishiri da mai a kan waɗannan sunaye ba. Na san abla ba za ta yar ba, amma hannuna ba zai yi ba. Na duba sauran tarin kaf, babu wani shafin wasan. Na ce ba komai, mako ɗaya ne.

Ran Alhamis na ƙunsa mata a tallan sabulu. Ta ɗaga bakin ƙunshin ta leƙa, ta juya shi.

"Kin gaji da ni ne, ya hajja?"

"A'a, abla. Ta wannan makon ba ta ƙunsuwa."

"Ban gane ba."

Gwaggo ta yi gyaran murya, ga mutane biyu tsaye suna jira. Na ce, "Mako mai zuwa, in sha Allahu."

"Babu mako mai zuwa. An rufe makaranta, aikina ya ƙare, gida zan koma. Na so in tafi da guda in yi a jirgin ruwa." Ta taɓa bayan hannuna da yatsa. "Ma'assalama."

Asabar da safe, Gwaggo na wurin gawayi, na taka turmi na zaro takardar, na naɗe ta a tsumma mai tsabta, na fita. Ban taɓa yin nisa haka ni kaɗai ba, duk ɗan sandan da na hango sai in tsallaka titi. Da tambaya na isa makarantar. Ƙofa a rufe, wani tsoho yana zaune a kan benci. Da ya amsa sallamata na ji harshen Sakkwato.

"Baba, wata abla nake nema, 'yar Masar. Saƙo zan ba ta."

"Ɗiyata, Misirawan nan suna da yawa. Wasu mota ta kwashe su zuwa Jidda tun jiya, wasu suna masauki sai jibi. Mi as sunanta? In tana nan in kai miki."

Na ce ban taɓa tambayar ta sunanta ba.

"To yaya kamarta take? Fara ce, doguwa?"

"Ban taɓa ganin fuskarta ba, Baba."

Ya dube ni da tausayi, ya ce to me na sani nata. Na warware tsumman in nuna masa rubutunta, sai na ga a wannan takardar nawa ne kaɗai, nata gidajen suna nan fari fat. Ya matsa mini a kan bencin, ya ce in zauna in huta kafin in koma, rana ta yi zafi.