Hular Kwanon Kasno a Jikin Mangwaro

Tumirah, mai suyar ayaba a bakin tashar jirgin ƙasa, ita ta fara ba ni labarin Pak Sarmidi, wato Baba Sarmidi, ranar da muke wanke shinkafar sadaka a masallaci.

Sarmidi ɗan acaɓa ne tun gashinsa na baƙi. A gindin mangwaron tasha 'yan acaɓa suke tsayawa. Kowa ya iso sai ya rataye makullin babur ɗinsa a ƙusa, wanda nasa ke gaba shi ke ɗaukar fasinja. Amininsa Kasno ne, sahu ɗaya suke sallah, kofi ɗaya suke shan shayi.

Sai ga kamfanoni biyu na kiran babur ta waya, kowanne yana karya farashi don ya durƙusar da ɗan'uwansa. Fasinja suka ƙaurace wa mangwaro. Kasno, mai 'ya'ya mata a makaranta, ya zare makullinsa, ya dawo da rigar kamfani.

"Kai, Kasno, ka zama yaron waya? Ta yi tari ka zabura?" in ji Sarmidi.

"Yaya, ita dai tana kirana. Kai mangwaro ne zai kira ka?"

Suka yi dariya, amma shayin ranar kowa da kofinsa.

Da rigima ta yi yawa, hukuma ta raba: 'yan waya kada su ɗauki fasinja a bakin tasha, sai bayan gada. 'Yan mangwaro suka ƙara tasu dokar: wanda aka kama, a cire hular kwanonsa a rataye sai gobe. Sarmidi ne babba, shi ke cirewa.

Wata Alhamis ana ruwa, wata tsohuwa da kwandon kifi ta kasa takawa zuwa gada, Kasno ya shigo ɗaukarta. 'Yan mangwaro suka tare shi, ido ya koma kan Sarmidi.

"Baba, ko dokar ba ta hawa kan aminai?" wani ya ce.

Sarmidi ya miƙa hannu, bai iya ɗaga kai ba. Hula biyu ke gare Kasno. Ya bar ta fasinja a kan tsohuwar, ya cire tasa ya miƙa wa Sarmidi, ya ce:

"Riƙe min da kyau, Yaya, kada ka sa min ƙwarƙwata. Gobe ka haɗa min da shayi."

Kasno ya kai tsohuwar lafiya. Waya ta sake kira, kuma kamfani na rufe wanda ya cika ƙin aiki, sai ya juya a gurguje, kansa ba hula, ta fasinja tana ɗaure a bayan babur. A mararrabar layin dogo taya ta zame a jiƙaƙƙen ƙarfe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sarmidi ne ya yi masa wanka, hannunsa ya taɓa inda kan ya bugu.

Ya kai wa matar Kasno hular, ta ce, "Kai ka karɓa, Yaya, kai za ka riƙe." Ta rufe ƙofa a hankali.

Kamfanonin nan an ce yanzu sun shirya, farashi ma ya hau. Sarmidi yana nan gindin mangwaro, makullinsa kaɗai ya rage. Kullum da safe yakan goge hular da gefen zaninsa, ya mayar da ita ƙusar Kasno, ya karanta masa Fatiha, sannan ya zauna jiran fasinja.