Jakin Baban Kurmau

Malam Falalu na Kanya Babba manomi ne, da rani kuma yana gyaran injin ban ruwa. Tsofaffin abokansa Kurmau suke kiransa, sunan yaron da ke cikin wasu littattafai biyar da ya haddace yana ɗan sakandare a Babura. Kurmau ɗin nan shi ne ya bar gida ya tafi ƙwato ruwan sama daga hannun aljanun Birnin Tagulla. Saboda shi Falalu ya taɓa dirowa daga kan rumbu da lema a buɗe. Har yau ƙafar da ya buge takan tuna masa.

Bana babban ɗansa, Rilwanu, ya ce zai tafi Kano koyon haɗa sola. Falalu ya ce ba inda za shi.

Bayan kwana biyu matarsa Batulu ta kakkaɓe littattafan daga ƙasan akwati, ta ajiye masa kusa da tabarma. "Malam, yara ba su san Kurmau ba. Karanta mana."

Ya saka tabarau bayan la'asar, ya fara da murya irin ta rediyo. Bai wuce shafi uku ba ya tsaya.

"Kai! Ashe da damina ya tafi? Ana tsakiyar noman farko?"

"Ci gaba, Baba," in ji Rilwanu.

Ya ci gaba. Kurmau ya kwance jakin ubansa, ya fita ta bayan gida ba sallama.

"Jaki ɗaya tal gare su fa! Da me tsohon zai kai taki?"

A littafi na biyu dodo ya haɗiye jakin. Falalu ya cire tabarau, ya ce inna lillahi. A da, nan ne yake tafa hannu.

"Malam, ba gwarzonka ba ne?" Batulu ta tambaya, tana tsince wake.

"Gwarzo? Yaro ne marar kunya!"

Duk da haka bai ajiye ba. Mako guda yana karantawa yana faɗa, maƙwabta na leƙowa ko rigima ake. A littafi na biyar Kurmau ya dawo da gajimare a bayansa, ya tarar da ubansa a bakin hanya, inda tsohon yake zama kullum tun ranar da ya farka bai gan shi ba. Wannan wurin Falalu bai taɓa lura da shi ba. Da yana yaro tsallake shi yake yi, ya nemi inda ake faɗa.

Ya rufe littafin, ya daɗe yana goge tabarau.

"Rilwanu."

"Na'am, Baba."

"Za ka tafi. Amma sai an kai gero gida. Da rana tsaka, ta ƙofar gaba, ni zan raka ka tasha."

Rilwanu ya durƙusa yana godiya.

"Kuma babur ɗina," in ji Falalu, "ko kallonsa kada ka yi."